Inda Ruwa Ke Ɗiga

Tsani muke ce masa, don ban taɓa ganinsa a titi babu tsani a kafaɗa ba. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rufin kwano. In ka nuna masa inda silin ke ɗiga, ko kallon wurin ba ya yi. Sai ya hau sama, ya bi katako da tafin hannu, taku biyar ko shida daga inda ka nuna, ya ce, "Ga ɓarawon nan." Ruwa, in ji shi, sai ya yi tafiya yake nuna kansa.

Kullum da karan sigari a bayan kunnensa. Mu bar shi a nan.

Bara ciki ya sa shi gaba: murɗa, zawo, abinci ba ya zama. Wandonsa ya fara neman igiya. Aka ba shi maganin tsutsa, aka hana shi madara da ƙwai, shiru kake ji. Da aka leƙa hanjinsa da na'ura, likita ta ce ya kumbura, cike yake da wasu fararen ƙwayoyin jini da kan taru in akwai tsutsa ko wani abin da jiki ya ƙi. Amma ba a sami ko ɗaya ba. Sai ta rubuta a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Takardar ta kwana goma a akwatin ƙusoshi.

"Ciki na kai mata, ta tura ni ƙirji," ya ce mini a barandarsa. "Ko tari ba na yi. Yaran zamani!"

Matarsa na shanya, ko juyowa ba ta yi ba. "Baban yara, ba kai ne ke yi wa masu liƙe inda ke ɗiga dariya ba? Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa."

Washegari ya ce in raka shi asibiti.

An ga ƙari a huhun hagu, ƙarami, bai bazu ba tukuna. Ciwon daji ne. Likita ta ce mai yiwuwa shi ya tayar da hanjin, amma ba za ta rantse ba. Aka cire ƙarin. Bayan 'yan makonni cikin ya lafa.

Yanzu ba ya hawa, numfashin bai kai ba. Yakan tsaya a ƙasa ya riƙe wa ƙanensa tsani, yana daka masa tsawa: "Ba nan ba! Ƙara gaba!"

Fensir ne a bayan kunnensa.