Mai Gyaran Kamfas da Bai Taɓa Fita Teku Ba

A Varna, wani gari na bakin teku, in ka ce kana neman Radko Panayotov, sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Baba Radko mai kamfas, ko mai suyar kifi a bakin tasha za ta nuna maka ƙofar makarantar da yake koyarwa. Gajere ne mai sanƙo, ga shi da tambayar tsiya. Ka ce masa agogonka ya tsaya, ba zai jajanta maka ba, sai ya ce, "Da ƙarfe nawa? Kana ina lokacin?"

Shekara talatin da ɗaya ya yi a shagon gyara na tashar jiragen ruwa. Na'urar hango jirage cikin hazo, da ta auna zurfin ruwa, duk ya san cikinsu, amma kamfas, mai allurar da ke nuna wa jirgi arewa, shi ne abin ƙaunarsa. Jirgi ai ƙarfe ne tun daga kai har gindi, ƙarfe kuwa jan allurar kamfas yake yi har ta riƙa ƙarya. Sai a fitar da jirgin bayan ganuwar tasha, a yi ta juya shi sannu a hankali, Radko yana duban wasu alamu biyu a kan tudu, yana zura ƙananan maganaɗisu a gindin kamfas ɗin har allura ta dawo kan gaskiya. Awa uku ko huɗu ya gama, ya sauko a kwalekwale, ya je gida cin abincin rana. Jirgi ya kama hanyar Indiya ko Kuba, shi kuwa iyakarsa hasumiyar fitila ta Galata, nan bakin tasha.

Ba don ba ya so ba ne. Yana saurayi, a zamanin tsohuwar gwamnati, wani kawunsa ya sauka daga jirgi a ƙasar waje bai dawo ba, shi ke nan aka hana duk danginsu fasfon matuƙa. Da zamani ya juya aka buɗe ƙofa, Radko ya doshi arba'in, ga 'ya'ya biyu, ga jirage sun yi layi suna jiransa. Sai ya koma ganin teku da bakin mutane. Duk kyaftin ɗin da ya dawo sai ya titsiye shi: a ina allura ta fara gardama, me kuka ɗauko, an yi walda a hanya? Da ƙafafunsa suka gaji da hawan tsanin igiya, wata makarantar horar da matuƙa ta ɗauke shi. Shekara takwas yana koyar da gardawa masu gemu, waɗanda suka zagaya duniya amma ba su san abin da ke cikin akwatin da suke kallo kullum ba.

Yana da shekara sittin takarda ta zo daga ofishin da ke ba makarantu izini. Duk malamin da ke koyar da kayan tuƙi, dole ya nuna shaidar wata goma sha biyu a teku. Shugabar makarantar, Uwargida Tsvetana, ta kira shi ofis.

"Baba, ko kwana bakwai ba ka da shi a rubuce?"

"Ko kwana ɗaya, ranki ya daɗe."

"To, wallahi in ba a sa maka hannu ba, daga Janairu ajin nan ba naka ba ne. Na roƙi sufeton ofishin, ya yarda ya ga darasinka da idonsa. Don Allah ranar ka rage tambaye-tambayen nan naka."

Radko ya ji tsoro, tsoro na gaske, don bai san abin da zai yi da safiyarsa ba in babu ajin. Ya je ya daidaita kamfas ɗin ƙaramin jirgin makarantar, ya sake dubawa, ya tabbata ko rabin digiri ba ya kuskurewa.

Sufeton ya zo ran bakwai ga Disamba. Sunansa Kyaftin Blagoy Terziev, dogo mai furfura, wanda ya yi shekara talatin yana jan manyan jirage kafin ya koma zaman ofis. Aka fita da ɗalibai tara, Stoil matuƙin jirgin yana riƙe da sitiyari. Da alamun nan biyu suka hau layi ɗaya, Radko ya ce wa wani ɗalibi ya karanta.

"Ɗari da sha tara, Malam."

Ɗari da goma ya kamata. Digiri tara cur, a jirgin makarantar da ke koyar da gyaran kamfas, kuma a gaban sufeto! Uwargida Tsvetana ta rufe ido. Kyaftin Blagoy ya ciro alƙalami.

"Malam, wa ya daidaita wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, kwana shida da suka wuce," in ji Radko. Amma fa tuni hankalinsa ya bar kan sufeton. Ya sunkuya yana kallon allurar, fuskarsa har wani haske take yi. "Ikon Allah! Tara? To, me ya same ki?"

Ya sa kowa ya zazzage aljihunsa a kai kayan can bayan jirgi: wayoyi, makullai, wuƙaƙe. Har sufeton bai tsira ba. Allura ba ta motsa ba. Ya sa mutane su riƙa ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Nan ma shiru. Sai ya juya kan Stoil.

"Kai, me ya shigo jirgin nan tun ranar da na bar shi?"

"Babu komai, Baba."

"An yi walda? An canja waya? Ka ajiye gwangwanin fenti a wani wuri?"

"Haba Baba, yau na fara aiki da kai? Ko cokali ba na kawowa nan."

"Jiya fa?"

"Jiya ranar Waliyyi Nikola ce, wa ke aiki? Fada ya zo daga coci ya yayyafa wa jirgi ruwan albarka, muka ci kifi, muka watse."

Radko ya ari fil daga takardun Uwargida, ya zare zare daga bakin rigar sanyinsa, ya ɗaure fil ɗin ya bar shi yana lilo. Ya bi da shi ta ƙasan teburi, ta bayan sitiyari, ta jikin bango. Gardawa suna binsa da ido. Da ya iso firam ɗin tagar gaba, fil ya karkata, ya tafi kai tsaye ya manne a jikin hoton Waliyyi Nikola, wanda matuƙa ke ɗauka majiɓincinsu, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, taƙi ɗaya daga kamfas ɗin.

Ba a ɓoye yake ba. Kowa ya gan shi, Kyaftin Blagoy ma sai da ya yi alamar gicciye a gabansa da ya shigo. Amma a Varna wane ɗakin tuƙi ne ba shi da majiɓincin matuƙa? Ido ba ya lissafa shi cikin kaya. Na dā dai na katako ne, da kusar tagulla ake kafa su. Wannan sabon yayi ne, da maganaɗisu a bayansa, irin wanda ake manna wa firji.

"A'a, Baba, kar ka taɓa!" in ji Stoil. "Matata ce ta sayo, fada ya sa masa albarka. Ka cire shi a kan ruwa, in wani abu ya faru ni za a ce."

"Wa ya ce zan kore shi? Ai ya riga mu shiga jirgi. Aljihunsa kawai zan zazzage, kamar na kowa."

Ya sa farce ya ɓamɓare maganaɗisun, ya ba wani ya kai baya, ya ɗaure hoton a inda yake da zaren nan. Allura ta yi ɗan lilo, ta zauna a kan ɗari da goma. Ɗalibai suka fashe da dariya, suna tsokanar Stoil wai matarsa ta so kai su Turkiyya. Radko kuwa ya ci gaba da darasi: me ya sa tara a wannan fuskar, kuma nawa za ta zama da an juya kudu? Sai da ya mayar da maganaɗisun aka juya jirgin aka gani, don shi kansa yana son ya sani.

Da suka dawo tasha, sufeton ya ja shi gefe, ya buɗe fom a kan wata ganga.

"Malam, na yi shekara talatin a teku, yau na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A waɗanne jirage ka yi aiki?"

"Na hau sun fi dubu biyu. Ban kwana a ko ɗaya ba."

Kyaftin ya daɗe yana kallon gurbin da aka bari don adadin watanni. Ya juya takardar ko akwai wani wuri a baya. Babu.

"Ba ni da ikon sa hannu," ya ce. "Zan rubuta duk abin da na gani, amma kar in yaudare ka, gurbin nan kaɗai suke dubawa."

Radko ya gyaɗa kai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna cewa saura darasi uku kacal kafin hutun Kirsimeti, kuma bai kai ɗaliban ga rabin abin da ya shirya musu ba. Ya ɗauki jakarsa, ya yi sallama, ya juya.

"Malam," in ji Kyaftin Blagoy, ya rage murya kamar mai jin kunya. "Ina da ɗan jirgin kamun kifi a Balchik. Shekara biyu ke nan kamfas ɗinsa yana min ƙarya, na kira mutum uku masu satifiket, sun kasa. Ko ran Asabar kana da sarari?"

Radko ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya so ya ce ba shi da takardar yin hakan, maganar har ta zo bakinsa. Sai ya ajiye jakar a ƙasa.

"Digiri nawa?" ya ce. "Kuma in ka fuskanci ina?"