Sikelin Gero a Filin Kokawa

Ni ne na yi ba daidai ba, kuma da sanina na yi. Shekara uku ina ɗora laifin a kan sikeli, ina cewa ƙarfe ne ya yanke hukunci ba ni ba, har na gaji da jin maganar a bakina. Yanzu ba ni da sauran ƙarfin kare kaina, shi ya sa na zauna rubutawa.

A shekarar da idon tsohon sarkin kokawarmu na Matameye ya fara dushewa, aka ce ni zan riƙa fitar da 'yan kokawar da za mu kai Damagaram. Mutum biyar ake so daga wajenmu. A can za su kara da na sauran garuruwa, a tace waɗanda za su tafi kokawar ƙasa. Ba don ilimi aka ba ni aikin ba. Lakwal ɗin da na yi, wato boko, bai wuce aji shida ba. Na dai iya rubuta suna da lamba a kaye, wato littafin rubutu, kuma na taɓa ɗaura ɗamarar kokawa ina saurayi.

Yadda aka saba yi, bayan an gama yankan gero sai 'yan kokawa su taru daga Kance da Yauri da ƙauyukan kewaye, a yi ta karawa ranar kasuwa uku a jere, tsofaffi na zaune kan tabarma suna kallo. Ba faɗuwa kaɗai suke dubawa ba. Suna duban yadda mutum ke shiga, da yadda yake tsayawa in an matse shi, da halin da yake nunawa bayan ya sha ƙasa. Daga nan su haɗa kai su fitar da biyar. Kuma ba shekarar da ake rabuwa lafiya. Kowane ƙauye nasa ne gwani, kowane Alhaji yana da wanda yake ciyarwa, kuma duk wanda aka bari a baya sai ya kwashe wata guda yana zagin tsofaffi a tasha. Na ga abin da ya tsufar da sarkin kokawa, ban so ya tsufar da ni ba.

Wata rana kafin la'asar ina zaune a rumfar mai shayi, tele na nuna wata tashar Faransa. Sai ga waɗansu ƙarti, wuya kamar turmi, suna ture juna a kan ciyawa. Kusa da ni akwai wani mushe, wato malamin boko, mai ritaya, shi ya koyar da ni a lakwal.

Na ce, "Mushe, waɗannan kuma dambe suke ko kokawa?"

Ya ce, "Zari-ruga ke nan. Ka ɗauki ƙwallo a hannu ka ruga, a kama ka a kayar. Yau ake fitar da waɗanda za su buga wa Faransa."

Ana nuna hoton kowannensu, a gefe an rubuta nauyinsa da tsawonsa. Faransancina bai kai in bi maganar ba, amma lamba na iya karanta ta. Na ce, "Ka ga mutanen da suka huta. Wane Alhaji ne zai zo ya yi gardama da kilo?"

Mushe ya nuna tele da kofinsa. "Dubi wancan ƙaramin, mai lamba tara. Bai kai kafaɗar sauran ba, amma shi ke raba musu ƙwallo, shi ke daka musu tsawa. In da kilo kaɗai ake bi, da yana gida yana kallo kamar mu. Kai tun kana aji uku rabin allo kake kwafa ka tashi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma abin da nake so na riga na ɗauka.

Na aika ƙauyuka cewa bana ba kokawar kasuwa uku, awo za a yi rana ɗaya. Na ari sikelin wani Alhaji mai sayen gero, irin wanda ake ɗora buhu a kai, aka kawo shi fili a amalanke. Gwaji uku na tsara: a hau sikeli, a ɗaga buhun gero zuwa kafaɗa a ga sau nawa mutum zai iya, sannan a zagaye fili ina duban agogo. Mutane suka cika wurin, wasu kallon kokawa ya kawo su suka tarar da awo. Makaɗinmu ya kwantar da gangarsa ya zauna a kanta.

Ya ɗaga murya ya ce, "Shugaba, in an gama a faɗa mana nawa tiyar ɗan kokawa, in saya wa iyali."

Ban kula shi ba. Na buɗe kaye.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani mutumin Yauri, manomin rake. Siriri ne, ba ka ganinsa ka ce ɗan kokawa. Shekarunsa sun haura talatin, gwiwarsa ta hagu a ɗaure take da tsumma ko da yaushe. Ba ya ɗaga mutum sama, ba ya ihu, ba ya rawa kafin kamu. Yakan dafa abokin karawa kamar mai gaisuwa, ya tsaya yana sauraron numfashinsa, har sai mutum ya gaji da jira ya taka ƙafar da bai kamata ba. Kafin ka ƙifta ido an gama. Sau biyu tsofaffi na fitar da shi a shekarun baya, sau biyu kuma ba ya zuwa: farko rasuwar mahaifinsa, na biyu gwiwar. Yaya yake ce mini, don na girme shi da kusan shekara goma.

Akwai abin da duk Matameye ta sani ta manta, ni kaɗai ban manta ba. Yana saurayi ɗanye, ni kuma ana kiɗa ni a lokacin, ya kayar da ni a wannan filin ranar kasuwa. Ban ma san yadda aka yi ba, na ji dai bayana a yashi. Makaɗa suka mayar da abin waƙa, aka yi damina guda ana rera ta a gonaki. Bayan nan na kwance ɗamara, na ce ciwon baya ne.

Da aka kira shi ya zo gaban sikeli ya tsaya yana kallonsa.

"Yaya, da layun zan hau ko in cire? Sun kai kilo biyu fa."

"Hau dai, kada ka ɓata mana lokaci."

Ya hau. Saba'in da ɗaya. Na rubuta. Sai na tsaya da biro a hannu ina kallon lambar. Ga gaskiyar da na ɓoye: har zuwa wannan lokacin ban tsayar da wani nauyi da za a ce wanda bai kai shi ba ya fita ba. Niyyata in haɗa gwajin uku in duba. Amma da na ga saba'in da ɗaya, sai na rufe kaye na miƙe na ce, "Ka'ida ita ce, duk wanda bai kai kilo saba'in da biyar ba, ba zai je Damagaram ba." Na faɗe ta kamar na zo da ita daga gida. Wasu biyu daga Kance da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ma ta share su.

Mutumin Yauri bai ɗaga murya ba. Ya matso kusa da ni.

"Yaya, ka zaɓi wanda ya fi kowa nauyi cikinsu ka ba ni shi, nan, yanzu. In ya kayar da ni, wallahi in tafi gida ina yi maka godiya."

"Ka'ida ka'ida ce."

"Bana ce ta ƙarshe, Yaya. Gwiwar nan ba za ta kai ni baɗi ba. Sau ɗaya nake so in shiga filin Damagaram a kiɗa ni, ko da faɗuwa zan yi."

Na ce, "Ba ni na cire ka ba, ga wanda ya cire ka nan," na nuna sikeli.

Tsohon sarkin kokawa na zaune a inuwa. Ya sa aka kira ni, na durƙusa gabansa.

"Ɗana, mutumin Yauri na ciki?"

"Sikeli ya fitar da shi, Baba."

"Sikelin ya taɓa kama ƙugunsa?"



Ya ƙara da cewa, "Ni idona ya tafi, amma kunnena na nan. Shekara goma sha ina jin ƙarar faɗuwar waɗanda yake kayarwa, kuma duk manya ne. To, ku ne masu zamani." Ya laluba sandarsa ya tashi. Bai ƙara zuwa fili ba.

Muka tafi Damagaram da ƙarti biyar, motar haya har tana kwanciya gefe. Ranar farko mutane suka yi ta nuna mu. Uku sun faɗi a kamun farko, don ba wanda ya taɓa matsa su da gaske a gida, buhu kuwa ba ya sa wa mutum ƙafa. Na huɗu ya yi minti biyu ya fara haki. Na biyar, ɗan Kance, ya kayar da biyu kafin a kayar da shi, kuma shi ko tsofaffi ne suka yi zaɓen da sun ɗauke shi. Abin da ya fi ci mini rai, cikin waɗanda aka tace don kokawar ƙasa akwai wani dogo da na san mutumin Yauri ya taɓa kayar da shi a gabana, a bikin wani ƙauye. A hanyar dawowa, da muka kusa gari, makaɗi ya ce, "Shugaba, a mayar wa Alhaji sikelinsa, gero na jira."

Shekarar da ta biyo aka koma kokawar kasuwa uku, ba tare da kowa ya ce mini komai ba. Ba a ma karɓe aikin daga hannuna ba, don ba mai so. Mutumin Yauri bai zo ba. Aka ce gwiwar ta kumbura tun daga damina, ya rataye layunsa.

Ranar kasuwa yakan kawo rake Matameye. Na koyi bin ta bayan rumfar mahauta don kada in wuce ta gabansa. In kuma muka haɗu, shi ke fara gaisuwa: "Yaya, ina gajiya? Ina iyali?" ya yanko gaɓa biyu ya miƙo mini. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na riƙa gaya wa duk mai tambaya cewa tsari ne na ƙasashen da suka ci gaba, mu ne ba mu fahimta ba. Har mushe na gaya wa haka. Ya dube ni ya ce, "Su wa ka gani a tele suna tsayar da ka'ida bayan sun ga lamba?" Ban san ko ya sani ba ne ko harbi ya yi a duhu. Ban tambaya ba.

Babu wani babban abin da ya sa na je. Gajiya ce kawai. Na gaji da zagaye rumfar mahauta, na gaji da kayen nan da na kasa yarwa na kuma kasa buɗewa. Bara da aka rufe sarkin kokawa, na ga mutumin Yauri ya ɗingiso tun daga tasha ya kama makara, ni kuma ina can baya ina ɓoye fuska. Bayan sadakar bakwai, da safe, na hau babur na nufi Yauri.

Na same shi a fadama yana sarar rake, gwiwar a ɗaure. Ya ajiye adda ya shimfiɗa mini buhu.

"Yaya da kansa? Lafiya dai? Ko an zo auna raken?"

"Lafiya. Magana na zo da ita."

"To bismilla."

Na ce, "Ranar awon nan, saba'in da biyar ɗin da na faɗa..."

Ya ce, "Na sani. Ina kan sikeli ina kallon hannunka. Biro ya tsaya, ka daɗe, sannan ka rufe kaye. Ni aikina ke nan, Yaya, kallon inda mutum zai taka."

"Ka sani, kake ba ni rake?"

"To me zan yi? Kai Yayana ne. Kuma in na yi magana cewa za a yi ƙaramin mutum ne ke kuka da sikeli." Ya ɗauki wata gaɓa yana fere ta. "Sanin kam na sani. Ji ne ban taɓa yi ba."

Ya bar firar raken ya dube ni yana jira, irin jiran da yake yi a fili. Na sauka daga kan buhun na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, na cire hula.

Na ce, "Ba sikeli ne ya cire ka ba, ni ne. Na tsayar da lambar bayan na ga taka, don ka kayar da ni muna samari kuma ban taɓa haƙura ba. Kai ka fi duk waɗanda na kai, kuma na san haka tun ranar. Na hana ka Damagaram a shekararka ta ƙarshe, ba ni da yadda zan mayar maka da ita. Ranar kasuwa mai zuwa zan faɗi wannan a fili, gaban makaɗi da tsofaffi da mutanen Kance biyun nan. Amma kai na fara zuwa wa. Na zalunce ka, ƙanena. Don Allah ka yafe mini."