Kwalbar Inna da Na Wanke

"Ke! Ina jinin da ke cikin kwalbar nan?" in ji nas, tana zare mini ido.

A Minna ne, zamanin soja, washegarin aikin maƙoƙon Inna. An bar mata siririyar roba a wuya, jini na ɗiga cikin kwalba. Da na ji dangi daga Gwada na tafe dubiya, na ce wallahi ba mai kallon jinin uwata. Na zubar, na wanke tas.

"Da shi muke gane ko jini na taruwa ya shaƙe ta!" in ji nas ɗin.

Wuni na yi ina kallon numfashin Inna.

Ta warke. Ni ce har yau ban warke ba.

Ku fa, wace ɓarna kuka taɓa yi don ƙauna?