Kwalbar da Na Ƙi Buɗewa

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ba zan manta da wata Laraba ba, lokacin ina malamin asibiti a wani ƙauye gaba da Zurmi, shekarun da aka fara Shari'a a Zamfara.

Allurar rigakafin ƙyanda a lokacin sai an sha wuya. Daga ƙasar waje ake kawo ta, kafin ta biyo ta Ƙaura ta iso mana har mun gaji da jira. Kwalba guda ta yara goma ce, in an buɗe ta kuwa, abin da ya kai yamma sai zubarwa. Shi ya sa ba ma buɗewa sai yara sun taru. Ranar kwalba ɗaya tal ta rage mini, ina lallaɓa ta kamar ƙwai.

Da hantsi sai ga wata Bafulatana goye da ɗanta, tun asuba take tafe a ƙasa. Ta ce ƙyanda ta shiga rugar maƙwabtansu. Na ce ta dawo ranar kasuwa, sannan mata sun cika.

"Likita, ga shi na kawo shi," in ji ta. "Shi kaɗai gare ni."

Ni kuwa lokacin ga taurin kai, ga ɗan boko yana ɗibata. Na ce, "Baiwar Allah, in na buɗe don ɗanki, sauran taran fa?" Ta gyara goyonta ta juya.

Ranar kasuwa aka wayi gari da ruwa, gulbi ya cika, ba ta samu ƙetarowa ba. Yara uku kacal aka kawo. Na yi musu, da yamma na zubar da sauran da hannuna.

Bayan wata guda na gan ta a kasuwar Moriki tana sayar da nono, bayanta ba goyo. Na tambaye ta ina yaron, ta ce wanda ya ba ta ya karɓi abinsa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai cewa ta yi, "To, allurar ta ishi sauran yaran?"



Yanzu in na ji ana zancen haɗa rigakafi a ƙasarmu, addu'a nake Allah ya tabbatar, kada wani ya sake tsayawa inda na tsaya. Ni dai na koyi darasina: yaron da aka kawo gabanka, shi ake yi wa. Tun daga ranar ban sake ce wa wata uwa ta je ta dawo ba.