Rabin Saƙon Da Na Kai Wa Tanko

Ku matso kusa 'ya'yana, ku da kuke karɓar haihuwa yanzu cikin fararen riguna, ku ara mini kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da mazan Randagi suka sa kafaɗa a bayan motarmu ba, ni kuwa ina tsaye, na san ba za ta tashi ba.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Ni ungozoma ce a ƙaramin asibiti a Birnin Gwari. Ban yi boko ba, aikin hannuna aka gani aka ɗauke ni. Shugabanmu Malam Shehu, malamin asibiti, shi ke ba da magani, shi ke rubuta wa na sama takarda. Motarmu ɗaya, tsohuwar a-kori-kura, direbanta Tanko. Idan haihuwa ta gagara a ƙauye, a aiko mai keke, ni da Tanko mu tafi. Abin da hannuna zai iya, in yi. Abin da ya fi ƙarfina, mu shimfiɗa tabarma a bayan mota mu nufi Kaduna.

Batirin motar ya daɗe da gajiya, sabo kuwa sai an rubuta an jira. Saboda haka duk ƙauyen da muka je, Tanko ya nemi gangare ya ajiye ta. In za mu tafi, maza su tura, ya sa giya, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama. Kuloci shi ne abin da direba ke takawa da ƙafar hagu kafin ya canza giya.

To, wannan ƙafar ce reshen maɗaci ya danne masa, wata rana yana kawar da itacen da ya tare mana hanya a daji. Ta warke, amma ta sandare. Malam Shehu ya ce babu yadda zai yi, sai dai ya nemi wani direba. Tanko yana da 'ya'ya shida, ba shi da gona.

Akwai Bulus bakanike, mutumin Tabanni. Shi ya ce ya ga wata mota da ta faɗa rafi a hanyar Kaduna, giyarta irin mai canza kanta ce, ba ruwanta da ƙafar hagu. In aka ciro aka ɗaura wa tamu, Tanko zai ci gaba da tuƙi. Ni na je na durƙusa gaban Malam Shehu.

Ya ce, "Lami, in motar za ta yi duk abin da ta saba yi, na yarda. In akwai abin da za ta rasa, a faɗa mini tun yanzu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a faɗa."

Mako uku Bulus yana ƙarƙashin motar. Ya yanka ƙarfe, ya ƙara ƙarfe, ya huda ƙasan wurin zaman direba. Tanko yana gida yana jinya, ni ke kai masa labari. Ranar da aka gama, Bulus yana goge hannu, ya ce gobe zai tafi wani aiki Funtuwa.

"Yaya Lami, abu biyu za ki kai wa gurgun naki. Na ɗaya, jan mai take sha a giya, kada a zuba mata baƙi. Na biyu, wannan ba ta tashi da turi. In ya shiga daji, kada ya kashe ta."

Na ce, "Kai Bulus, har da sababbin dokoki? Akwai motar da ke ƙin turi?"

Ya ce, "Ko 'yan kasuwa duka za ki tara. Na dai faɗa miki."

Ina tafe ina lissafi. Tanko mutum ne da ba ya ɓoye wa na gaba da shi komai. In ya ji, da bakinsa zai kai wa Malam Shehu, shi ke nan aiki ya tafi. Na ce a raina, bari sabon batir ya iso tukuna. Na isa, na faɗa masa na jan mai, na haɗiye na biyun.

Bulus ya cika batirin da wuta kafin ya tafi, sai motar ta yi ta tashi da makulli har wata biyu. Tanko yana tuƙi, ƙafar hagu a miƙe, yana cewa, "Yaya Lami, dubi, motar ma ta san ni mai sarauta ne."

Ranar wata Talata da hantsi, cikin damina, aka aiko daga Randagi. Wata mata, Hanne, hannun ɗa ya riga fitowa. Muka isa, Tanko ya nemi gangare ya kashe mota kamar kullum, don kada mai ya ƙone a banza. Ina ganinsa, ban ce komai ba. Na shiga na gwada iyakar sanina, na ga sai Kaduna. Ɗan yana motsi a lokacin. Aka ɗora Hanne a baya. Tanko ya murɗa makulli, motar ta yi gurnani ɗaya ta yi shiru.

Ya ce, "Jama'a, a sa hannu."

Suka tura ta gangare, ba ta kama ba. Suka jawo ta sama cikin taɓo, suka sake. Sau huɗu. A na biyar na ce, "Ku bari. Ba ta tashi da turi. Bulus ya faɗa mini."

Tanko ya leƙo ta taga ya dube ni. 

A kan gadon kara aka ɗauki Hanne zuwa babbar hanya. Sai bayan la'asar muka samu motar katako. Kafin mu kai, ɗan ya daina motsi.

Malam Shehu ya tara mu, aka kirawo Bulus. Bulus ya ce ya ba da saƙo, kansa a ƙasa. Malam Shehu ya juyo gare ni, sai Tanko ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, ta faɗa mini. Ni na manta."

Na buɗe baki, ya ce, "Yaya Lami, ai an gama."

A waje na tare shi, na ce don me. Ya ce, "Direba ana samu a kowace tasha. In aka kore ki, wa zai shiga ɗakin matan ƙauye?" Na sake yin shiru, wannan shi ne na biyu.

Abin da aikin nan ya koya mini, saƙon aiki ba naka ba ne da za ka rage. Tausayi na ji, kuma tausayin ne ya cuci mutum biyu, ɗan Hanne da Tanko.

Bulus ya ciro giyar ya mayar da ta da, bai ƙara yi mini wasa ba har ya koma Tabanni. Malam Shehu an yi masa canji, ya tafi bai san gaskiya ba. Hanne ta rayu, ta haifi uku a baya, duka a hannuna, tana sa mini albarka. Tanko aka sallame shi, ya koma facin taya a bakin tasha, a nan ya tsufa, a nan ya rasu. Ni na yi shekara ashirin ina aiki bayan sallamarsa. Hanyar tasha ita ce mafi kusa da gidana, amma ta bayan kasuwa nake bi.