Neman Gwiwar Ganuwa a Jugu

Babana bai taɓa yi wa mutum kwatance da titi ba. Shekararsa ashirin a wurina a Albarika, cikin Paraku, amma in ka tambaye shi wani gida a Jugu, garinsu, sai ya jawo sanda ya zana maka garin a ƙasa: zagayen ganuwa mai ɗan karkata kamar tsohon faifai, ga ƙofar da jakunan goro ke shigowa, ga ta masu zuwa rafi, ga masallaci a tsakiya. Ƙofofin nan yau biyar ne, gobe bakwai. In na tuna masa cewa jiya biyar ya ce, sai ya ce ni da aka haifa a asibiti me na sani.

Ganuwar kuwa, shi kansa bai same ta a tsaye ba. Guntayenta ya tarar, tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Amma a bayanta aka binne mahaifiyarsa yana ɗan shekara tara, lokacin da agana ta shiga gari aka hana binne masu ciwon a ciki. Ya ce ya bi gawar. An fita ta ƙofar goro, an bar ganuwa a hannun hagu, an yi ta tafiya har inda ta yi gwiwa, nan aka haƙa a gindin wani rimi.

Bara, da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce in kai shi ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a, ko sau ɗaya, kafin a kira shi. Na yi ta ja masa rai, yau ɗinkin sallah, gobe ruwa. Gaskiyar magana tsoro nake ji, don na san Jugun yanzu. Da ya daina taɓa tuwo, na rufe shago muka shiga mota.

A tashar Jugu direban taksi ya tambayi kartiyen da za mu, wato unguwar. Baba ya ce ƙofar goro. Direba ya kalle ni ta madubi, na kawar da kai. Muka sauka a tsohuwar unguwar fatake, wajen wasu dattawa biyu a inuwar masallaci. Ɗaya ya ce ƙofar tana daidai inda farmasi, kantin magani, yake yanzu. Ɗayan ya ce ƙarya ne, gudron, titin kwalta, ya hau kanta. Suka juya harshe zuwa Dandanci suna musu, har suka manta da mu. Rimi kam sun yarda an sare shi, sai dai ba su yarda kan wane rimi ba.

Baba ya zaɓi farmasi. Ya fara tafiya a hankali, hannunsa na hagu a miƙe yana shafa iska. Abin da ke hagun nan shagon walda ne, sai butik na kayan masarufi, sai gidan siminti mai baƙin get, sai wani irinsa. Babu inda wani abu ya yi gwiwa. Ina biye da shi da laima, raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

A gaban wani mai facin taya ya tsaya, gumi na zuba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake ce mini.

"Inna, yanzu muna ciki ne, ko mun fita?"

Na duba gabas, na duba yamma. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Ban sani ba, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya dafa kafaɗata ya zare takalmansa.

"To mu koma. Kada ya zamana a kanta muke tsaye da takalmi."

Rana tsaka ce, kwalta kamar kaskon suya. Na roƙe shi, bai ko juyo ba. Na sunkuya na ɗauki takalman, na bi shi a baya.