Zaharias Kalaitzakis, Mai Inabi Marar Ƙwallo

Haihuwa da karatu

An haifi Zaharias Kalaitzakis a shekarar 1939 a ƙauyen Kato Sikiya, kudu da birnin Irakliyon a tsibirin Kirit. Mahaifinsa Miron manomin inabi ne, mahaifiyarsa kuwa Pelagiya. Ya kammala makarantar ƙauye a 1951, sannan ya yi karatun aikin gona a birni, ya dawo gida a 1961 da takardar shaidar da dattawa suka yi wa kallon hadarin kaji.

Aiki

A 1966 ya zama mutum na farko a ƙauyen da ya yi amfani da jibarelin, sinadarin da ke ƙara girman 'ya'yan inabin sultani marar ƙwallo. Da hannunsa yake tsoma kowane gungu cikin kofin sinadarin bayan fure ya zube. Inabinsa ya yi ɓul-ɓul, fatake suka yi masa caa, maƙwabta kuwa suka sa ido.

Aure

Ya auri Argiro 'yar Stamatis maƙeri a 1968. Shekara goma sha biyu ba haihuwa, sai masu zaman hira a shagon gahawa na ƙauyen suka yanke hukunci: sinadarin ne ya ƙone shi. Wani ma ya taɓa ce masa a bainar jama'a, "Malamin gona, gonarka ba ƙwallo, gidanka ma ba ƙwallo!" Likitoci biyu sun tabbatar masa babu alaƙa, ya kuma riƙa maimaita hakan da babbar murya. Amma zargi mugun abu ne. Shi kansa sai da ya fara jin tsoron kofin.

A 1981 ya ɗaure hannun damansa da tsumma, ya ce ciwon jijiya ne, ya bar wa 'yan ƙwadago tsomawar har kaka biyu. Ƙarya ce, lafiyar hannun ƙalau, kuma Argiro kaɗai ta sani.

Haihuwar 'yarsa

A watan Maris na 1983 aka haifa masa 'ya mace, Erofili. Mutanen da suka riga suka yanke cewa ba ya haihuwa, maimakon su ji kunya, sai suka koma lissafin watanni da sunayen baƙin da suka zo ƙwadago. Kalma ɗaya game da tsumman nan da ta wanke matarsa a idonsu, tunda sai da ya daina taɓa sinadarin aka samu cikin, amma da ta nuna cewa shi ma bai yarda da sinadarin ba, alhali a lokacin rabin ƙauyen da sinadarin suke ci, kuma shi ya koya musu. Ya zaɓi shiru. Wannan zalunci ne, kuma ya san da haka.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Satumba 2011, ana tsakiyar girbi, aka binne shi washegari a maƙabartar cocin ƙauye. Bayan addu'ar kwana arba'in Argiro ta ba da labarin tsumman, tsofaffi suka ce yanzu ta ƙirƙiro shi. Ya bar mata ɗaya, jikoki uku, da 'ya ɗaya, Erofili, wadda har yau a Kato Sikiya ake kira 'yar Argiro.